Zuwa ga Shugaban NITDA: Kada a Bar Talaka da Ƙofar Aro

Malam Kashifu Inuwa Abdullahi,
Babban Daraktan Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, NITDA,
Abuja.



 Ni mai gina manhajoji ne a Kano. Shafukan rajistar makarantu, na ƙungiyoyin 'yan kasuwa, na ƙananan asibitoci, da su nake ci da iyalina. Na rubuto maka da Hausa ne domin mutanen da zan yi magana a kansu da ita suke kwana suke tashi, kuma ina so in wasiƙar ta faɗa hannunsu su ji abin da aka faɗa a madadinsu.

Maganata a kan wani ɗan madanni ce da yanzu kusan kowane shafin intanet yake ɗauke da shi, wanda ke ce wa mutum ya shiga da asusunsa na Google ko Facebook ko Apple, ba sai ya buɗe sabo ba. Na sa wannan madanni a shafuka da dama da hannuna, kuma zan ci gaba da sa shi. Abin da nake roƙo shi ne hukumarka ta hana a mayar da shi ƙofa ɗaya tilo a duk shafin da ɗan ƙasa ke neman haƙƙinsa.

Ka san yadda abin yake aiki fiye da ni, amma bari in faɗe shi saboda sauran masu karatu. A zamanin fatauci, baƙo in ya shiga garin da ba a san shi ba da goro ko da shanu, zango yake sauka wurin maigida. Maigidan ne zai tsaya masa, ya ce wa mutanen kasuwa na san shi, ku yi ciniki da shi. Mai saye bai san baƙo ba, maigida ya sani, kuma maganar maigida ta ishe shi. To haka madannin nan yake. Ni mai shafi nakan je wurin Google in yi rajista, su ba ni lambar shaida da mabuɗin sirri, ni kuma in gaya musu adireshin da za su riƙa dawo mini da mutane. Idan mutum ya danna, sai shafina ya tura shi can. A can zai sa kalmar sirrinsa, ni ba na ganinta. A nuna masa abin da nake nema game da shi, in ya amince a dawo da shi wurina riƙe da wata lamba da ake amfani da ita sau ɗaya ta mutu. Kwamfutar shafina ta ɗauki lambar ta koma wurin Google ta bayan fage, ta karɓo tikiti mai ɗauke da sa hannunsu, wanda ke cewa wannan wane ne, mun tabbatar. Ƙa'idar da ake bi sunanta OAuth 2.0, an fitar da ita a 2012, sannan a 2014 aka ɗora mata OpenID Connect domin sashen tabbatar da ko wane ne mutum.

Amfaninsa a fili yake, kuma ba zan ɓoye shi don in ƙarfafa hujjata ba. Na sha karɓar gyaran shafin da wani ya gina, in buɗe rumbun bayanai in tarar da kalmomin sirrin jama'a a rubuce ɓaro-ɓaro, kowa da tasa a gefen sunansa. Mutanenmu kuwa kalma ɗaya suke sawa a ko'ina, sau da yawa ma lambar wayarsu ce ko shekarar haihuwa. Ɓarawon da ya fasa wannan ƙaramin rumbu ya sami mabuɗin imel ɗin mutum, wataƙila har da na bankinsa. Mai shafin da ya bar wa Google tsaron kalmar sirri ya sauke wa kansa wannan kaya, domin masu gadin da ke can sun fi duk wanda ni zan iya ɗauka. Shi ya sa muke son madannin, kuma aikin rabin yini ne a sa shi.

Sai dai waɗanda suka tsara shi sun gina shi a kan wani zato: cewa asusun na mai shi ne, shi ya buɗe shi, shi ya san kalmar sirrinsa, wayar da ake tura lambar tabbatarwa tana aljihunsa. A ƙasashensu galibi haka ne. A nan wurinmu, ga abin da na gani.

Bara wata makaranta ta ba ni aikin shafin da iyaye za su riƙa duba sakamakon 'ya'yansu suna biyan kuɗin zango. Lokaci ya ƙure, kuɗin aikin ba yawa, sai na sa madannin Google shi kaɗai na miƙa aiki. Ba a yi wata biyu ba sai ga wani dattijo an rako shi ofishina, mai sayar da hatsi ne, 'yarsa na biye da shi da kayan makaranta. An zare masa waya a cikin Adaidaita Sahu. Ya sayi wata, ya je an dawo masa da layinsa, amma shafin ya ƙi gane shi. Na tambaye shi adireshin imel ɗinsa. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, shi kuma mene ne?" Na ce wanda aka buɗe maka a tsohuwar wayar. Ya ce yaron da ya sayar masa da ita a kasuwa ne ya saita masa komai, ya rubuta masa wani abu a bayan kwali, kwalin kuwa tuni yara sun yi wasa da shi. Na lalubo adireshin a rumbuna, muka gwada neman sabuwar kalmar sirri. Sai allon ya nuna za a tura lamba zuwa wani layi, aka nuna alƙalumansa biyu na ƙarshe. Dattijon ya girgiza kai. Ba nasa ba ne, ba na kowa a gidansa ba ne. Yaron kasuwar ne ya sa nasa layin ranar da ya buɗe asusun, don ya gama da wuri ya sallami na bayansa.

Ranka ya daɗe, ga mutum a gabana, ga 'yarsa, ga rasit ɗin kuɗin da ya biya a hannunsa, shugaban makarantar ya san shi shekara da shekaru. Amma shafin da ni na gina ba ya jin maganar kowa sai ta maigidan da ke California, maigidan kuma yaron kasuwa ya sani. Laifina ne, na kuma gyara: na shiga rumbun na sauya masa da hannu cikin minti goma. Tun ranar tambayar da ke damuna ita ce, in da shafin na ma'aikatar gwamnati ne mai mutum miliyoyi, ofishin wa dattijon nan zai je? Wa zai saurare shi?

Wannan ya sa na zauna na bi rajistar ɗaya bayan ɗaya, sai na ga wani abin da ya fi tayar mini da hankali. Asusu guda ɗaya yana ɗauke da yara fiye da goma, sunayen iyayensu daban, unguwanninsu daban. Da na bincika, ashe mai wani shagon kafe ne kusa da makarantar. Iyaye su zo masa da kuɗi da takardu, shi kuma da yake asusunsa a buɗe yake a kwamfutar, sai ya danna ya wuce. Bai yi da mugun nufi ba, sauƙi ya bi. Amma sakamakon jarrabawar yaran nan, da hotunansu, da lambobin iyayensu mata, duk suna hannun mutum ɗaya, kuma ran da ya tashi daga shagon ko suka saɓa da wani uba, shi ke nan. A gidaje ma haka abin yake. Mata da yawa da wayar miji ko ta ɗa suke shiga intanet. In aure ya mutu, ko ɗan ya tafi Legas neman kuɗi, ƙofar matar ta bi shi.

Akwai kuma abin da lokaci kansa yake yi. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfanin waya yakan sake sayar wa wani, kuma wanda ya saya shi zai riƙa karɓar lambobin tabbatarwa na tsohon mai layin. Google kuma ya sanar a 2023 cewa daga watan Disamba na shekarar zai iya goge asusun da ya yi shekara biyu ba a taɓa shi ba. Kamfani ne, yana da ikon tsara gidansa. Amma ka dubi ɗalibar da ta gama makaranta, ta yi aure, ta shekara huɗu ba ta leƙa imel ba, sannan ta tashi neman takardar sakamakonta don ta nemi aikin koyarwa.

Duk waɗannan daga ƙasa suke tasowa. Ƙofar kuma takan rufe daga sama, kuma a nan kai ne shaida. Daga ranar 5 ga Yuni, 2021, aka dakatar da Twitter a Najeriya, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairu, 2022. Kai ka shugabanci kwamitin fasaha da ya tattauna da kamfanin, kai ka fitar da sanarwar ɗage dakatarwar. Ba na son shiga maganar dacewar matakin ko rashinta a nan. Abin da nake nunawa shi ne, duk ɗan Najeriyar da asusun Twitter ne kaɗai mabuɗinsa na shiga wani shafi, wata bakwai ya yi a waje, sai in ya bi ta ɓarauniyar hanya. Cikin waɗannan watanni ne ma, ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke kusan awa shida saboda kuskuren saiti a cikin gidansu, shafukan da ke jingine da shiga ta Facebook suka tsaya tare da su. Kafin nan, ranar 14 ga Disamba, 2020, sashen tantance masu shiga na Google ya tsaya ƙasa da awa ɗaya, duniya ta ji a jikinta. Awa ɗaya ba komai ba ce, sai in ta faɗo a ranar ƙarshe ta rufe rajistar neman tallafin karatu.

Kuma ba tarihi ba ne kawai. A Yulin 2024 hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ta ci kamfanin Meta, mai Facebook, tarar dala miliyan 220, a 2025 kuma kamfanin ya faɗa a takardun kotu cewa tarar da sharuɗɗan da aka gindaya masa na iya tilasta masa rufe Facebook da Instagram a Najeriya. Ƙasar da take da ikon hukunta kamfani in ya saɓa dokarta bai kamata ta bar mabuɗin ofisoshinta a hannun wannan kamfanin ba, domin ran da rigima ta yi zafi, talakan da ke neman fanshonsa ne zai fara ji. Zanen aro ba ya rufe katara.

Sai batun abin da ke wucewa ta wannan ƙofa. A 2018 duniya ta ji labarin kamfanin Cambridge Analytica, wanda ya sami bayanan jama'a ta hanyar wata manhaja. Wata manhajar tambayoyi ce da wani malamin jami'a mai suna Aleksandr Kogan ya gina, mutum kimanin 270,000 suka shiga ta da asusunsu na Facebook suka danna amincewa. Tsarin wancan lokacin ya ba manhajar damar ɗibar bayanan abokansu ma, har Facebook ya ce waɗanda abin ya shafa na iya kai miliyan 87. A 2019 hukumar kasuwanci ta Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5. An toshe waccan kafar, amma ɗabi'ar tana nan a wurinmu masu gini: shafin da suna da imel kawai yake buƙata, sai ka ga ya nemi jerin lambobin abokai ko kalandar mutum, don kawai an samu misalin da aka kwafo haka yake. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta ce kada a karɓi bayanin da ya wuce buƙata, kuma amincewa sai da sani. Wane sani ne dattijon nan zai yi da allon da ke Turanci, mai madanni shuɗi ɗaya da kowa ya koya masa cewa shi ake dannawa?

Akwai wata fuska da ba a cika faɗa ba. Duk lokacin da mutum ya shiga wani shafi ta wannan hanya, maigidan da ya tsaya masa ya san ya shiga, ya san shafin, ya san lokacin. In shafin sayar da takalma ne, ba damuwa. In kuwa na asibitin da ke kula da masu cutar da mutane ke ɓoyewa ne, ko na masu neman haihuwa, ko na kai ƙarar cin zarafi, to shigar kanta sirri ce. Irin waɗannan shafuka ina ganin bai kamata ma a sa musu madannin ba.

Mu masu ginin ma muna da kurakuranmu na sana'a, kuma sauƙin aikin ne ke jawo su. Tikitin da ake dawowa da shi yana ɗauke da wata lamba ta dindindin da ba ta canjawa, da ita ya kamata a riƙa gane mutum. Amma da yawanmu adireshin imel muke kamawa, alhali imel yana canjawa, kuma ba kowane kamfani ne ke tabbatar da shi ba. A 2023 masu bincike na kamfanin Descope sun nuna yadda mai kutse zai rubuta imel ɗin wani a asusunsa na Microsoft, ya shige asusun mutumin a shafukan da suka yi wannan kuskure. Wasu kuma ba sa sa lambar tsaron da ke tabbatar da cewa wanda ya tafi shi ne ya dawo. Waɗannan duk an rubuta maganinsu tuntuni, karantawa ce ba a yi.

Ga abin da nake nema daga gare ka. Dokar 2007 ta ba NITDA ikon kafa ƙa'idojin fasahar sadarwa, adireshin gov.ng yana hannunku, kuma ayyukan kwamfuta na ma'aikatun tarayya ta teburinku suke wucewa kafin a amince da su. Ku sa a cikin ƙa'idojin cewa duk shafin da ake neman gurbin karatu, ko tallafi, ko aiki, ko fansho, ko rance, dole ya zama yana da wata hanyar shiga da ba ta dogara da kamfanin waje ba. Wanda yake son madannin Google ya danna abinsa. Amma a ba kowa damar cire asusun da ya haɗa ya sa wani, ba tare da ya rasa takardunsa ba. Abin da ya fi duka muhimmanci a wurina shi ne ƙofar mutum: a ce kowace ma'aikata sai ta faɗi ofishi a kowace jiha inda wanda aka kulle a waje zai je da kansa, da lambarsa ta NIN da fuskarsa, wani ma'aikaci mai iko ya buɗe masa. Kafin a amince da kowane shafi, a tambayi ɗan kwangilar tambaya ɗaya: in an sace wayar mutum kuma bai san imel ɗinsa ba, yaya zai yi? In ba shi da amsa, aikin bai kammala ba. Sannan bayanin abin da shafi zai karɓa a rubuta shi da Hausa da Yarabanci da Ibo da sauran manyan harsuna kafin a tura mutum wurin Google, tunda wannan shafin namu ne, muna da ikon rubuta shi yadda muka so.

Na san za a ce mafita ita ce ƙasa ta yi nata madannin. Na yarda, kuma tubalin yana nan. Hukumar NIMC ta riga ta fito da lambar NIN ta wucin gadi wadda ke mutuwa bayan awa 72, don kada mutum ya riƙa raba ainihin lambarsa. Estoniya tun 2002 'yan ƙasarta ke da katin shaida mai aiki a intanet, Amurka ta buɗe Login.gov a 2017. Amma a dubi Birtaniya ma: tsarinta na Verify, wanda ya jingina tantance mutane ga kamfanoni masu zaman kansu, bai samu karɓuwar da aka yi tsammani ba, aka rufe shi a 2023. In za mu yi namu, a gina shi a kan OpenID Connect ɗin da kowa ya riga ya iya, a sa shi kyauta ko da araha, yadda yaron da ke gina shafin Islamiyyar unguwarsu a Haɗeja zai iya haɗa shi a rabin yini. Kuma shi ma kada ya zama ƙofa tilo, kada kuma a ɗaure shi da saƙon waya kawai. A Satumban 2021 an katse layukan waya a faɗin jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Mutanen da suka fito daga can zuwa inda ake samun sabis sun iya karɓar saƙo, amma wanda layinsa ke wayar wani da ya rage a ƙauye bai da yadda zai yi.

Kuna kuma horar da matasa a shirin 3MTT. Ina roƙon a sa wannan darasi a ciki, kuma a koyar da shi da labarin mutane irin dattijon nan, ba da zanen kibiyoyi kaɗai ba. Haka nan a shirye-shiryenku na wayar da kai, a nemi masu sayar da waya da masu shagunan kafe. Su ne ke buɗe wa jama'ar Arewa asusu a zahiri. Ƙungiyoyinsu suna da shugabanni, suna jin magana. In aka koya musu abu biyu kawai, wato su sa layin mai wayar a matsayin layin dawo da asusu, kuma su fita daga nasu asusun kafin su yi wa wani rajista, an rage kuka mai yawa.

A makarantar da na ambata, yanzu uba yana iya shiga da lambar ɗalibi da kalmar sirrin da ake ba shi a ofis a rufaffiyar takarda, kuma akawun makarantar yana da ikon sabunta ta in mutum ya zo da kansa. Madannin Google yana nan a gefe ga mai so. Ƙarin aikin kwana uku ya ɗauke ni. Dattijon ya dawo ƙarshen zango da sakamakon 'yarsa an buga a takarda, ya ce in karanta masa, ya kuma kawo mini tiyar gero.

In kana son ganin abin da idonka, ka turo ma'aikacinka ɗaya ya zauna yini guda a kowace kasuwar waya ta Kano ko Kaduna ko Gusau, ya tsaya kusa da masu saita sabbin wayoyi, ya riƙa tambayar duk wanda aka miƙa wa waya ko ya san kalmar sirrin da aka sa masa. Ni zan raka shi in an buƙata.

Allah ya taimake ka a kan amanar da ke wuyanka.

Wassalam,
Wani mai gina manhajoji, Kano.